Kiwon Suna Ba Kiwo Ba Ne

Ran nan a ɗakin kwananmu wani ɗan'uwa ɗalibi ya kira ni da murna, wai in zo in ga garkensa. Na zaci tumaki ya saya a gida. Ashe sunayen intanet ne, watau adireshin nan da ake rubutawa a isa ga shafi, ya yi wa guda goma sha wani abu rajista da kuɗin guzurinsa, yana jiran mai saye. Abin da ya ɓata mini rai shi ne, a cikinsu har da sunan wani gari na ƙasarmu ta Gumel, alhali kuwa bai taɓa shan ruwan ƙasar ba. Ya kuma nuna mini wata na'ura da ta yi wa kowane suna kuɗi da dala, yana ta lissafin motar da zai saya.

Ni dai ɗan Lautai ne, kuma tun ina yaro nake bin kawuna kasuwar Maigatari ran Alhamis. A kara, in dillali zai yi wa sa kuɗi, sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. In ciniki ya faskara, san nan yana nan, ya yi noma, ya ba da taki, in ta ƙure a yanka a ci. To, ina haƙoran suna? Na'urar nan ba abin da take dubawa sai gajartar sunan, da ko ƙarshensa .com ne, da yawan masu neman kalmar, da abin da aka taɓa sayar da mai kama da shi. Sau da yawa ma kamfanin da ke sayar da rajistar shi ne mai na'urar. Wa ya taɓa jin mai kaya ya kushe kayansa? Bugu da ƙari, sunan ba mallaka ba ne, haya ce ta shekara-shekara. Ranar da ka kasa biya, garken ya watse.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ai a 1999 an sayar da business.com dala miliyan 7.5, a 2019 kuma voice.com ya tashi a dala miliyan 30. Gaskiya ne. Amma mai caca ma labarin wanda ya ci kaɗai yake ba ka. Waɗannan kalmomin Turanci ne da manyan kamfanoni ke rububi, ba irin tarkacen da ɗalibi zai tsinta a araha ba. Wannan dai asarar mai yi ce, ba ita ta dame ni ba.

Abin da ya dame ni, jama'a, sunan gari. Wa ya yi wa sunan Maigatari daraja in ba fataken shanu da raƙuma daga Nijar, da manoman riɗi da zoɓo ba? Wa ya yi wa Gumel, in ba sarautar da ta haura shekara 250 ba? Mutum ya zo da 'yan daloli ya kama sunan, bai gina kome a kai ba, yana jiran ranar da masu shi za su matsu su zo da roƙo. Wannan da mai ɓoye gero har damina ta yi tsakiya, uwarsu ɗaya. Gara ma mai ɓoyon, shi ya sayi geron a hannun manomi.

Kada kuma mu ce shari'a za ta ƙwato mana. Dokar sasanta rigimar sunaye da hukumar ICANN ta kafa a 1999 alamar kasuwanci take karewa, ba sunan gari ba. Gwamnatin New Zealand ta kai ƙara kan newzealand.com ta sha kaye a 2002, daga baya ta ciro dala miliyan 1 ta kuɗin ƙasarta ta saya a 2003. A shekarar nan ta 2003 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta hana hukumar birnin Barcelona sunan barcelona.com. In ƙasa sukutum ta biya fansar sunanta, ina ga Gagarawa da Sule Tankarkar?

Laifin kuwa ba na ɗan'uwan nan kaɗai ba ne. Mu da malamanmu mun iya zama a yi musu kan asalin sunan kowane gari har a kira magariba, amma ba wanda ya tashi ya je wurin dillalan NiRA, ƙungiyar da aka kafa a 2005 mai kula da .ng, ya yi wa sunan garinsu rajista. Ina kira ga ƙungiyoyin ɗaliban ƙasar Gumel da su yi karo-karo kafin hutun nan, su kama sunayen ƙananan hukumomin nan huɗu da sunan al'umma, a zuba tarihinsu da ranakun kasuwanninsu da Hausa. Kuɗin hayar shekara guda bai kai na ɗan akuya a Maigatari ba.