Ra'ayinmu: Kiɗan Sinima da Gumin Ɗan Wasa

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya kalli Rocky, fim ɗin Amurka na 1976, ba zai manta da inda Sylvester Stallone yake gudu a titunan Filadelfiya ba, har ya haye matakala 72 ya ɗaga hannuwa sama. To, a toshe kunne a sake kallo. Me ya rage? Mutum ne kurum cikin tsofaffin tufafi yana haki.

Kiɗan Bill Conti ne ya yi aikin. Begila ta fara, ganguna su biyo, muryoyi su riƙa hawa yadda ƙafa take hawa, sai wahalar makonni ta dunƙule cikin abin da bai kai minti uku ba. Babu targaɗe, babu ranar kasala. Nan ne muke da ja.

Mu ba baƙin kiɗan maza ba ne. Amma Ɗan Anace a fage yake zuga Shago, inda naushin gaske yake jira. Sinima kuwa ta ɗauke kiɗan ta kai shi wurin horo. Shi ya sa saurayi kan fita gudu da zumuɗi ranar Asabar, ranar Talata ya ji shiru, ya koma barci.