Sharhi: Ɗakunan koyon aikin likita ta hanyar kwaikwayo na buƙatar horarrun malamai

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da ware naira biliyan 110 ta hannun asusun TETFund domin inganta kwalejojin koyon aikin likita 18 a faɗin ƙasar nan, kuma kafa ɗakunan koyarwa ta hanyar kwaikwayo na cikin shirin. Matakin ya zo ne bayan ƙara guraben ɗaliban fannonin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000, kamar yadda Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana, domin cike giɓin ma'aikatan da ke ficewa ƙasashen waje.

Ƙaruwar ɗalibai na nufin ƙarin cunkoso a kan gadon majinyaci guda a asibitocin koyarwa. A ɗakin kwaikwayo kuwa, ɗalibi zai maimaita aikin a jikin mutum-mutumi mai numfashi da bugun zuciya, ya koyi farfaɗo da jaririn da bai yi kuka ba, ko tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ya yi kuskure ba tare da an rasa rai ba. Darajar wannan a fili take ga Najeriya, wadda alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya suka nuna ta rasa mata kimanin 82,000 a dalilin ciki da haihuwa a 2020.

Sai dai na'ura ba ta koyarwa da kanta. Malami ne ke tsara yanayin da za a kwaikwaya, ya lura da yadda likita da ungozoma da ma'aikacin jinya ke magana da juna a lokacin gaggawa, sannan ya jagoranci bitar da ke biyo baya. A wannan bitar ce mafi yawan darasin yake, domin a nan ɗalibi ke bayyana dalilin da ya sa ya ɗauki matakin da ya ɗauka. Malamin da ya saba da lacca da tsawatarwa a gaban jama'a zai iya mayar da zaman wurin kunyata ɗalibi, wanda hakan ke sa shi ɓoye kuskurensa.

Wani babban bincike da majalisar hukumomin aikin jinya ta Amurka ta fitar a 2014 ya nuna cewa kwaikwayo na iya maye gurbin har rabin sa'o'in da ɗalibi ke yi a asibiti, amma da sharaɗin malaman sun sami horo na musamman. A Tanzaniya ma, shirin farfaɗo da jarirai da aka koyar da 'yar tsana mai sauƙin kuɗi ya rage mutuwar jarirai a ranar haihuwa da kashi 47 cikin ɗari. Horo da maimaita atisaye ne suka kawo wannan sakamako.

Saboda haka ya kamata Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da majalisun da ke kula da aikin likita da na jinya su sanya horar da malamai cikin sharuɗɗan amincewa da kowace kwaleji. Haka kuma jami'o'i su riƙa lissafa wannan aiki wajen ƙarin girma, su ɗauki masu gyaran na'urorin, su kuma tanadi tsayayyar wutar lantarki. Idan ba haka ba, kayan da aka kashe maƙudan kuɗi wajen sayowa za su ƙare a kulle cikin kwalaye.