Lokacin Lauya da Daminar Manomi

A ƙasar da ta tashi daga Dawakin Tofa ta bi Bichi, Makoɗa da Ɗambatta, ba a barin gona ta huta. Gona na manne da gona, wani lokaci layin gamba ne kawai ya raba su, kuma kowace shekara sai an noma ta da ƙarfin takin gida da tokar da ake kwasowa daga birni. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan karkara ta Kano, ya nuna yadda jama'a masu yawa ke ci daga ƙasa 'yar kaɗan. Inda ƙasa ta yi irin wannan daraja, taku biyu a kan iyaka sun isa su kai wa da ƙane gaban alƙali. Ni lauya ne, ɗan wannan yanki, ofishina yana Kano, kuma mafi yawan masu ƙwanƙwasa mini ƙofa manoma ne masu rigimar gado, jingina ko cinikin gonar da ba a rubuta ba.

Ana yawan yi wa lauyoyi nasiha a kan tsara lokaci: a riƙe littafin ajiye ranaku, a tashi da wuri, a ware wa iyali ƙarshen mako. Duk nasiha ce mai kyau. Amma abin da na gani a wannan aiki shi ne, ranar lauya da ranar manomin da yake karewa a wuri ɗaya suke salwanta, wato a kan bencin kotu. Lauyan da yake son ya dawo gida ya tarar da 'ya'yansa ido biyu, sai ya fara da mutunta lokacin mutumin da ya baro gonarsa ya biyo shi.

Ga yadda ranar take tafiya. A ƙa'ida kotu na zama ƙarfe tara, kuma kowa da kowa tara aka ce masa ya zo, ko ƙararsa ce ta farko a jeri ko ta ƙarshe. Manomi ya yi sallar asuba, ya tashi shaidunsa biyu, dattawan da suka san inda iyaka take tun zamanin kakansa, ya biya musu kuɗin mota, ya saya musu abin karyawa. Motar ta bi ta Dawanau, ta kutsa cunkoson Bachirawa da Kurna. Idan akwai babban lauya mai lambar SAN a zauren, al'adar aiki ta ba shi damar a fara kiran tasa ƙarar, sannan a bi girma-girma, ƙaramin lauya kuwa ya jira. Can wajen azahar a kira ƙarar, sai a ji ɗaya ɓangaren bai samu sammaci ba, ko lauyansu yana wata kotun, ko mai shari'a yana da taro. Kalma biyu ce ke rufe ranar: an ɗage. Sai manomin ya matso ya ce, "Barista, to yanzu yaushe kuma?" Babu tambayar da ta fi wannan nauyi a kunnena.

A Ingila da Amurka manyan ofisoshin lauyoyi na lissafa aikinsu da minti shida-shida, wanda ya ɗauke su ya biya kowane. A nan babu mai biyan awa huɗu na jira. Saboda haka lauya ya kan nemi mafita ta hanyar tara ƙararraki: ɗaya a babbar kotu da ke sakatariyar Audu Bako, ɗaya a kotun majistare ta Nomansland, ɗaya a kotun shari'ar Musulunci a Bichi, duk rana ɗaya, duk ƙarfe tara. Jiki ɗaya ba ya rabuwa uku. Sai a tura ƙaramin lauya ya riƙe ɗaya, shi kuma bai karanta fayil ɗin ba, iyakarsa ya tashi ya nemi wata ranar. Da haka mu da muke kuka da ɗage zama muke zama masu haddasa shi. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, mu kuwa uku muke cusawa a baki.

Ainihin aikin lauya, wato karanta hujjoji, bincika hukunce-hukuncen baya da rubuta jawabi, ba ya yiwuwa a harabar kotu. Sai ya koma dare. Abin da rana ta cinye, iyali ne ke biya. Mutum ya shigo gida bayan isha'i, ya ci tuwo da fayil a gefe, waya na ruri: an kama wani a ofishin 'yan sanda, ana neman mai zuwa maganar beli. Yara su yi barci ba a tambaye su me suka biya a islamiyya ba. Ga mata lauyoyi nauyin ninki biyu ne, don da yawansu daga kotu tukunya ce ke jiransu, ga raino, ga hidimar dangin miji. Wannan ba ciwonmu ba ne mu kaɗai. A 2021 Ƙungiyar Lauyoyi ta Duniya, IBA, ta fitar da rahoto kan lafiyar ƙwaƙwalwar lauyoyi, inda kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka amsa suka ce aikin na yi wa walwalarsu illa. Mu a nan ba ma kiran abin da wannan suna. Sai dai a ji an ce hawan jini ya kama wane, alhali bai kai hamsin ba.

Lauya ɗan ƙauye yana da wani ƙarin kaya. Ranar da ya je gida gaishe da tsofaffi, kafin ya gama cire takalmi zaure ya cika. Wannan ya zo da takardar cinikin gona da mai unguwa ya sa wa hannu, wancan ƙanwarsa ce aka hana rabonta na gado, ga wani baffa da ba a iya ce masa a'a. Ba na ganin laifinsu. Garin ne ya yi karo-karo a kan tarbiyyarmu, wasunmu da kuɗin gyaɗa da na awaki aka biya musu karatu a Jami'ar Bayero da makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda. Suna da haƙƙi a kanmu. Amma uwar da aka zo gaisarwa ita ma tana da nata, kuma sau da yawa ita ce ke samun guntun lokaci, a tsaye, mota na jira.

Akwai kuma kalandar da kotu ba ta dubawa. Rigimar iyaka da bazara take tashi, lokacin sharar gona da kai taki, sa'ad da kowa ke sake duba inda nasa ya tsaya. Kafin a shigar da ƙara a kai sammaci, ruwa ya sauka. Daga shuka zuwa noman farko zuwa maimai, kwana ɗaya na manomi ya fi mako guda na rani tsada, don ciyawa ba ta jiran kowa. Babbar kotu takan tafi dogon hutunta a tsakiyar damina, ta dawo wajen Satumba, daidai lokacin da gero ya nuna ana shirin girbi. Na sha ganin shaida ya ƙi zuwa, ba don ya sauya magana ba, sai don an yi ruwa daren jiya kuma iri na hannunsa. Kotu ta rubuta cewa shaida bai zo ba, a sake ɗagewa, lauya ya sake asarar rana.

Doka ba ta yi shiru a kan jinkiri ba. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurari ƙararsa cikin lokacin da ya dace, sashe na 294 kuma ya ce a yanke hukunci cikin kwana 90 bayan kammala shaida da jawaban ƙarshe. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce a riƙa sauraron shari'a kullum-kullum, in hakan bai yiwu ba kada kowane ɓangare ya wuce neman ɗagewa sau biyar. Jihar Kano ta yi tata irin dokar a 2019. Rubutun yana nan. Abin da ya rage shi ne ɗabi'a, tamu da ta kotu. Yajin aikin ma'aikatan shari'a na 2021, wanda ya rufe kotunan ƙasar nan daga Afrilu zuwa Yuni, ya nuna mana yadda ƙararraki ke taruwa cikin wata biyu kacal, da yadda ake daɗewa ana biyan bashin.

Na san abin da mutane ke faɗa a majalisa: ai lauya da ɗagewa yake ci, tunda kowane zama sai an ba shi kuɗin mota. Akwai masu yin haka, kuma suna zubar da mutuncin rigar. Amma duk wanda ya yi lissafi zai ga ciniki ne na asara. Ƙarar gona da ta shekara huɗu tana jan ƙafa tana cin ranakun da za a gama wasu biyar, tana cin amanar da mutane suka ba lauya, kuma a ƙarshe mai ƙarar kan jinginar da gonar da ake rigima a kanta don ya ci gaba da zuwa kotu. Maganin wannan zargi shi ne a yi magana a fili tun ranar farko: ga kuɗin aikin gaba ɗaya, ga yadda za a biya, ko da bayan kaka ne in an sayar da wake. In lauya ba ya samun komai daga ƙarin zama, shi ne zai fi kowa son a gama.

Abu na farko da ke hannunmu shi ne iya cewa a'a. Ba kowace rigima ce ta cancanci kotu ba. Idan 'yan uwa biyu suka zo a kan ƙasar da ba ta fi ta dami uku ba, gaskiyar da ta kamata a gaya musu ita ce kuɗin shari'ar zai fi ƙasar. A mayar da su gaban dagaci da liman da dattawan da suka san iyakar, ko a kai su zauren sasanci na babbar kotun Kano da ke aiki tun 2009, lauya ya zauna ya rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu. Wuni ɗaya ya wadatar, zumunci ya tsira. Rabon gado kuwa ƙa'idarsa a bayyane take a shari'ar Musulunci. Yawancin abin da ke kawo rikici jinkirin rabo ne har magada su hayayyafa.

Na biyu, kada lauya ya karɓi rana a kotu biyu masu nisa da juna. In ana tsayar da ranar dawowa, ya buɗe littafinsa ya faɗi gaskiya, ya kuma juya ya tambayi wanda yake karewa. Mutumin Ɗambatta da ya kwana a kan ƙafarsa a kasuwar Lahadi, ko mai shirin yanke gero, ya san ranakun da ba za su yiwu ba. Tambayar minti ɗaya ce, tana ceton wata guda.

Na uku, a yi wa gari rana. Ni na ware safiyar Asabar ɗin farkon wata, ina zama a zauren gidanmu, duk mai takarda ya kawo, ba na karɓar ko sisi a kan shawara. Sauran zuwana gida na iyaye ne. Da farko an yi ƙorafi, an ce boko ya sa girman kai. Da mutane suka ga ranar ba ta tashi, kuma wanda ya zo yana samun kunne cikakke maimakon amsar tsaye a bakin mota, su da kansu suka riƙa gaya wa juna a jira Asabar. Haka ma tsakanin magariba da isha'i wayata a kashe take. Addininmu ya riga ya koyar da wannan tun ranar da Salmanul Farisi ya tsawatar wa Abu Darda'i kan ƙuntata wa kansa da iyalinsa saboda ibada, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata shi. In ibada ba ta zama hujjar tauye iyali ba, fayil ba zai zama ba.

Manyan lauyoyi masu ofis su ma su dubi yaransu. Ƙaramin lauyan da aka miƙa wa fayil a bakin kotu, aka riƙe shi a ofis har dare, aka sallame shi da abin da bai kai kuɗin mota ba, ba zai koyi aiki ba, neman ɗagewa kawai zai ƙware a kai.

Sauran gyaran na kotu ne, kuma bai buƙatar sabon gini. A raba jerin ƙararraki gida biyu ko uku, a gaya wa kowa sa'ar da zai zo. In mai shari'a ba zai zauna ba, rajistara ya aika saƙon waya tun jajibiri, kafin tsoho ya hau mota daga Tsanyawa. Zaman da ba na sauraron shaida ba, na tsayar da rana kawai, a yafe wa manomi zuwa, ko a yi shi ta bidiyo, tunda a Yulin 2020 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa irin wannan zama bai saɓa wa tsarin mulki ba. Ƙarar gona kuma a yi ƙoƙarin sa sauraron shaidunta da zuwa ganin iyaka a cikin rani.

Ina kira ga rassan ƙungiyar lauyoyi na Kano da Ungogo su rubuta waɗannan buƙatu su miƙa wa Babbar Jojin Jiha, Mai Shari'a Dije Abdu Aboki, da ofishin Alƙalin Alƙalai, su nemi a gwada su ko da a kotunan ƙaramar hukuma ɗaya ta arewacin jihar na tsawon shekara. A ƙidaya ƙararrakin da aka gama, a tambayi manoma, a tambayi matan lauyoyi da mazajensu. In an ga amfani, a faɗaɗa zuwa ƙananan hukumomi 44.