Kwalayen Kaset na Garwa: A Cece Su Kafin Zafi Ya Cinye

Duk wanda ya san kasuwar Garwa shekaru ashirin da suka wuce ya san da kunne ake gano shagon kaset. Lasifika na bakin ƙofa, kalangun Shata na tashi a wannan layi, wa'azi a wancan, gaba kaɗan waƙar Fulatanci. Yau akasarin shagunan sun koma sayar da caja da murfin waya. Abin da ya maye gurbinsu shi ne tebur da kwamfuta, inda yaro zai karɓi memorinka ya tura maka waƙa ɗari a kan 'yan canji.

Ba kira nake a ajiye waya a koma rikoda ba. Damuwata ita ce abin da ke cikin kwalayen da aka ture bayan shago. Manyan situdiyo na ƙasarmu Kamaru a Duwala da Yawunde suke, wasu mawaƙan ma har Faransa suke zuwa, kuma kaɗe-kaɗen makosa da bikutsi ne suka fi cin gajiyarsu. Kiɗan arewa kaset ne ya goya shi. Ta Yola da Mubi kayan Kano ke shigo mana: Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos, Barmani Choge, daga baya waƙoƙin fim. Namu kuma su bi motocin kasuwa zuwa Marwa, Ngawundare da Njamena.

Ali Baba, ɗan Garwa da ya rasu a 2004, ya kai kiɗanmu manyan dandali, haka ma Isnebo da ƙungiyar Faadah Kawtal. Waɗannan sunansu ya shiga faifai, ba za su ɓace ba. To ina masu algaita da kakaki na ƙofar fada? Ina zabiyar da ta raya bukukuwan unguwa, da mai garaya, da Fulani mawaƙan mbooku na ƙasar Marwa? Da yawansu muryarsu tana kan kaset guda ne, wanda wani ya ɗauka da rikoda a wurin biki, ya rubuta suna da bairo a jikin takarda.

Mai shagon kuwa ba ciniki kaɗai yake yi ba. Ka rera masa rabin amshi, ya miƙa hannu ya zaro maka kaset ɗin, ya faɗa maka wanda aka yi wa waƙar da dalilin yin ta. Zare ya tsinke, ya kwance ƙusoshin, ya haɗa bakin da jan farce, ya soka bairo ya naɗe. Wannan sanin babu shi a memori, inda rabin waƙoƙin lamba ce kawai ba suna.

Za a ce ai su ma masu shagon kwafi suke yi ba izini. Haka ne, daga Ƙofar Wambai ta Kano har nan an yi wannan, kuma an cuci mawaƙa da dama. Amma a lokacin akwai ƙofar da kuɗi ke shiga: mawaƙi ya sayar wa dila uwar kaset, ko ya ɗauki kayansa ya zaga kasuwannin ƙauye. Yanzu waƙa na iya zaga arewa kaf mai ita bai ga ko dala ba. Dokar haƙƙin mallaka ta shekarar 2000 tana nan a rubuce, amma ba ta kai teburin masu tura waƙa ba.

Wasu ƙasashen sun farga. A Amurka tun 2008 ake ware rana guda a shekara don shagunan faifai, kuma a 2020 kuɗin da faifan garmaho ya kawo ya zarce na sidi. Wani Ba'amurke, Brian Shimkovitz, tun 2006 yake tattara kaset-kaset ɗin Afirka yana sa wa duniya. Baƙo ya san darajar kayanmu, mu muna zubar da su a bola.

Kuma lokaci ba ya jira. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana manne zare. Ƙurar hunturu da laimar damina su ƙarasa. Rikodar da za ta kunna su ma tana ƙarewa, masu gyaranta suna tsufa.

Don haka ga roƙona. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, da takwarorinta na Marwa da Ngawundare, da gidan rediyon CRTV na Garwa, su sayi kayan tsofaffin diloli da farashi na mutunci, su juye su a kwamfuta, su zaunar da dattawan nan su faɗi mai waƙa da shekara da wuri. Fadodin lamiɓe da attajiranmu su ɗauki nauyi, iyalan mawaƙa su samu rabonsu. Kai kuma mai karatu, kada ka zubar da kwalin mahaifinka. In mawaƙi ya kawo maka sidi ko memori na waƙarsa, saya ka biya, kada ka ce a tura maka.