Dokar Kulle: Mai Gudu Don Lafiya da Mai Fita Don Tuwo

Ran Lahadi 29 ga watan Maris 2020 da daddare, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya yi wa jama'a jawabi ta rediyo da talabijin, ya ce kowa ya zauna gida a Abuja da Jihar Legas da Jihar Ogun har kwana 14, saboda cutar korona wadda aka fara gani a Ikko ran 27 ga Fabrairu. Dokar ta fara aiki a Abuja da Ikko da ƙarfe 11 na daren Litinin. Da kwanakin suka cika sai aka ƙara wasu 14, aka sake ƙara mako guda, ba a sassauta ba sai ran 4 ga Mayu. Watau mako biyar cur mutanen biranen nan biyu suna tsare.

A cikin makonnin nan ne wata gardama ta tashi, wadda har aka buɗe gari ba a raba ta ba. Ma'aikatan ofis da sauran masu hali, da zaman ɗaki ya ishe su, sai suka shiga fitowa da sassafe da gajeren wando da takalmin kambas, suna gudu da miƙe-miƙe a kan titunan da motoci suka ƙaurace wa. A Ikko babban titin Gbagada ya koma kamar filin wasa, hotunansa suka bazu ko'ina. A Abuja ma an ga irin wannan a unguwannin ma'aikata. Hukuma ta ce ba ta yarda ba. 'Yan sandan Ikko suka yi kame, a Abuja kuwa kwamitin da Minista Muhammad Musa Bello ya naɗa don tilasta bin doka, ƙarƙashin Ikharo Attah, shi ke sintiri tare da 'yan sanda, ga kuma kotunan tafi-da-gidanka da aka kakkafa suna yanke wa masu karya dokar kulle tara, ko a ba su tsintsiya su share titi.

Mai karatu da ke Agege ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Anaca, ko Fatakwal, yana iya cewa ina ruwan biri da gada? Wanda ya wuni yana tura kurar ruwa ko yana dakon buhunan albasa a Mile 12 ba ya bukatar kowa ya koya masa motsa jiki. Gaskiya ne. Amma fa sandar da aka ɗaga wa mai gudu ita ce ta sauka a gadon bayan mai dako, saboda haka gardamar ta shafe shi fiye da yadda ta shafi masu kambas ɗin.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma ya kamata a ji ta. Masu goyon bayan 'yan sanda suka ce doka ta hana zirga-zirga baki ɗaya. Ta keɓe ma'aikatan asibiti, da masu sarrafa abinci da sayar da shi, da gidajen mai, da ma'aikatan lantarki, da kamfanonin masu gadi, da 'yan jarida masu katin shaida. Ba ta keɓe mai gudu ba. Ɗan sanda kuwa ba shi ya rubuta ba, aikinsa ya tsare abin da aka rubuta. Suka ƙara da cewa a lokacin babu allurar rigakafi, gadajen asibiti kaɗan ne, kuma taro taro ne, ko na biki ko na tsalle-tsalle. In an ƙyale mutum ɗari su taru a titi da sunan motsa jiki, da wane baki za a hana masallaci da coci da kasuwa? Wannan magana ce mai nauyi, kuma wajen tarwatsa cunkoso irin na Gbagada 'yan sanda ba su yi laifi ba.

Ɗaya ɓangaren suka ce ai dalilin dokar shi ne a raba mutane da juna, to mutumin da ya fito shi kaɗai da asuba yana zagaya layinsu, wa zai shafa wa cuta? Akwai masu ciwon suga da hawan jini waɗanda likita ne da kansa ya ce su riƙa tattaki kullum, kuma su ne cutar ta fi yi wa illa. Abin da ya fi ba da mamaki kuma shi ne yadda ake kamun. A tsinci mutum yana tafiya shi kaɗai a sarari, a cusa shi bayan mota tare da wasu, gwiwa na gugar gwiwa, a kai su a zaunar wuri guda suna jiran alƙali. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Binciken masana daga baya ya tabbatar da cewa cutar ta fi yaɗuwa nesa ba kusa ba a cikin rufaffen ɗaki inda iska ba ta wucewa, a fili kuwa haɗarin kaɗan ne. Ashe bayan motar ya fi titin haɗari.

In aka auna hujjojin nan biyu, za a ga laifin farko yana wuyan waɗanda suka rubuta dokar. An jingina ta ne da Dokar Keɓe Masu Cuta ta 1926, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari, aka rubuta ƙa'idojin cikin gaggawa, ba a ce uffan ba a kan mutumin da zai taka ƙofar gidansa don shan iska. Shin tsayawa a bakin ƙofa fita ce? Zuwa famfon unguwa fa? Wanda gidansu babu ban ɗaki sai na haya a bakin kasuwa, yaya zai yi? Duk inda doka ta yi shiru, to ɗan sandan da ke kan shinge shi ne ya zama mai rubuta doka, shi ne alƙali, wani lokaci kuma shi ne mai karɓar tara ba rasit.

Wasu ƙasashe sun gamu da wannan tambaya a makonnin nan, suka amsa ta a rubuce. A Ingila, tun jawabin Firayim Minista Boris Johnson na 23 ga Maris 2020 aka faɗa wa jama'a cewa kowa yana iya fita motsa jiki sau ɗaya a rana. A Faransa aka ce awa ɗaya, kada a wuce kilomita ɗaya daga gida, kuma mutum ya riƙe takardar da ya cike ya sa hannu. Da masu gudu suka yi yawa a Paris, sai aka hana gudu daga ƙarfe 10 na safe zuwa 7 na yamma, aka bar musu safiya da dare. Afirka ta Kudu ta fara da hani baki ɗaya, amma daga 1 ga Mayu ta ba da izini daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe, cikin kilomita 5 daga gida. Can ma an yi rigima. 'Yan sandan Derbyshire a Ingila sun ɗauki hoton masu tattaki a daji da ƙaramin jirgi maras matuƙi suka watsa don kunyata su, jama'a suka yi musu ca, har wani tsohon alƙalin kotun ƙoli, Lord Sumption, ya fito ya soke su. A farkon 2021 kuma rundunar nan ta ci wasu mata biyu tarar fam 200 kowacce don sun je tattaki da mota, da surutu ya yi yawa ta janye tarar ta ba da haƙuri. Abin lura a nan shi ne, da yake akwai rubutacciyar ƙa'ida, mutum yana da abin da zai nuna ya ce an zalunce shi.

A nan gida kuwa babu abin nunawa, kuma rashinsa bai faɗa wa kowa daidai ba. Mai gida a Maitama ko Asokoro yana da farfajiya da katanga, in ya ga dama ya zagaya gidansa sau hamsin ba wanda ya gan shi. Wanda ke Gwarimpa in an kama shi yana da waya, yana da lauya, yana da Turancin da zai yi musu da shi. To ina mutumin Nyanya ko Karu ko Mpape, inda mutum shida ko bakwai ke kwana ɗaki guda cikin zafin Afrilu ba wutar lantarki? Ina ɗan ci-rani a Ikko wanda ɗakinsa shi ne rumfar da yake sayar da shayi, ko barandar shagon da yake gadi? Wannan in an ce masa zauna gida, sai ya rasa inda ake nufi. Dokar ta keɓe kamfanonin masu gadi, amma yawancin 'yan Arewa masu gadi a Kurmi ba su da kamfani, ba su da yunifom, ba su da kati. Ta keɓe masu sayar da abinci, amma mai tallan tumatir a baro ba shi da takardar da za ta shaida shi. Mai ruwa, mai wankin takalmi, mai yankan farce, duka abincinsu a kan titi yake, in ba su fita yau ba, ba a ɗora tukunya yau. 'Yan acaɓa kuwa tun 1 ga Fabrairu 2020 Gwamnatin Legas ta riga ta kore su daga manyan sassan gari, kulle ya zo ya tarar da su a ƙasa.

Jaridu sun cika shafuffuka da maganar masu gudu, domin su ne masu karanta jarida. Abin da ya sami sauran sai da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta fito da rahoto a tsakiyar Afrilu 2020 sannan aka san girmansa. Hukumar ta ce a mako biyun farko ta karɓi ƙorafi 105 daga jihohi 24, kuma jami'an tsaro sun kashe mutum 18, bakwai daga cikinsu a hannun 'yan sanda, alhali waɗanda cutar kanta ta kashe a ƙasar nan zuwa lokacin ba su wuce 12 ba. Wannan lissafi ya isa ya sa kowane mai mulki ya sunkuyar da kai. Banda bulala, da tsallen kwaɗo, da kwanciya cikin kwata, waɗanda aka yi ta gani a hotunan waya. Mutum ya fito don ya motsa jiki an ce laifi ne, wani ya fito neman abinci an sa shi tsallen kwaɗo a rana, wai horo.

Sai kuma maganar manya. Ran 17 ga Afrilu 2020 cutar ta kashe Abba Kyari, Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa. Washegari aka binne shi a maƙabartar Gudu da ke Abuja, jama'a cunkus, kafaɗa da kafaɗa, ana nunawa a talabijin, a garin da ake gurfanar da mutum gaban alƙali don an gan shi a titi. Daga baya Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, wanda shi ne shugaban kwamitin yaƙi da cutar, ya nemi gafarar jama'a. Neman gafara abu ne mai kyau, sai dai talakan da aka kama a shinge ba a ba shi damar ya nemi gafara ya wuce ba. A Ikko an ɗan yi abin a yaba, da kotu ta ci 'yar wasan nan Funke Akindele da mijinta tarar Naira 100,000 kowanne tare da aikin gayya na kwana 14 saboda bikin da suka yi a gida. Da haka aka yi wa kowa, da gardamar ba ta yi zafi ba. Dokar da ke da ƙofar baya ga mai babbar riga, ba ta da bakin da za ta tsawata wa mai gajeren wando.

Yau cutar ta lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a watan Mayu 2023 cewa ta daina ɗaukarta a matsayin abin gaggawa na duniya. Amma annoba ba ta yin sallama ta tafi ke nan. An ga Ibola a Ikko a 2014, an ga korona a 2020, wata kuma tana tafe ko ba jima ko ba daɗe. Tun kafin ta iso ya kamata Majalisar Tarayya da gwamnatocin jihohi su zauna cikin natsuwa su tsara abin da za a yi, kada a sake rubutun dare ɗaya. A faɗi ƙarara wa zai fita, da wane lokaci, zuwa ina. A ware awoyin safe don tattaki da ɗiban ruwa da cefane, a ce mutum ɗaya ko biyu, ban da taro. A rubuta hukuncin kowane laifi, a karanta shi a rediyo da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka, yadda mai shayi zai san iyakarsa, ya kuma san iyakar ɗan sanda. A haramta duka da tsallen kwaɗo da cusa mutane a mota, jami'in da ya yi kuwa a hukunta shi a bainar jama'a. Sannan duk gwamnatin da za ta ce wa mai cin yau da na yau ya zauna, to ta fara kai masa abin da zai ci. Rumbunan kayan tallafi da jama'a suka fasa a watan Oktoba 2020, har da na Gwagwalada a Abuja, sun nuna abincin yana nan, hannun da ya kamata ne bai kai gare shi ba.

Su ma 'yan Arewa mazauna Kurmi akwai aikin da ke gabansu. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabo da sauran zango-zango, da shugabannin ƙungiyoyin masu gadi da 'yan dako da masu ruwa da mahauta, ya kamata su rubuta sunayen mutanensu, su yi musu katin shaida, su kuma ƙulla sanayya da manyan 'yan sanda na yankunansu tun ana zaman lafiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba ranar da aka kafa shinge ake fara neman wanda zai tsaya wa mutum ba. Wanda aka doka ko aka ƙwace wa kaya ya sani akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, tana da ofisoshi a jihohi, kuma ƙorafe-ƙorafen nan 105 mutane ne irinsa suka kai. Da sun yi shiru da ba a ƙidaya ba.

Ɗan sanda shi ma ɗan talaka ne, an tsayar da shi a rana da umurnin da bai cika ba, sau da yawa ko takunkumin rufe hanci ba a ba shi ba. Rubutacciyar ƙa'ida za ta kare shi kamar yadda za ta kare wanda ya tare. Masu gudun Gwarimpa da Gbagada sun koma wasanninsu tuntuni, wataƙila ma sun manta. Mai ruwa da mai gadi bai kamata su manta ba, domin in aka sake rufe gari da doka mai shiru irin waccan, su ne za a fara tararwa a waje. Allah Ya kiyashe mu da annoba, Ya kuma ba shugabanni ikon yin adalci.