Wa Zai Rubuta Labarin Mai Yi Wa Gimbiya Fifita?



Duk mai bibiyar labaran sarauta da muke rubutawa yanzu, na bugawa ko na waya, ya san yadda ake buɗe fage. Gimbiya na kishingiɗe a kan kilishi, kuyangi biyu na yi mata fifita, wata na matsa mata ƙafa, jakadiya ta shigo ta zube tana zuba kirari. Yarima ya zo wucewa, bayi su faɗi su yi gaisuwa, ko kallo ba su ishe shi ba. Sai a ci shafi ɗari uku ba a ji ɗaya daga cikinsu ya buɗe baki ya faɗi abin da ya wuce amsa umarni ba. In kuwa kuka ga baiwa ta zama tauraruwa har Yarima ya kamu da son ta, ku jira babin ƙarshe, za a gano ashe 'yar wani sarki ce da aka sace tana jaririya. Wato shi kansa marubucin bai yarda baiwa ta gaske ta cancanci a so ta ba, sai ya wanke ta da jinin sarauta tukuna.

Wannan ragwanci ne, kuma ba mu da uzuri a kansa. Masana tarihi sun shafe shekaru suna tono rayuwar waɗannan mutanen da muka mayar kayan ado, sun tara abin da zai ishe mu rubuta littattafai masu yawa, mu kuwa ko leƙawa ba mu yi ba.

Bari in fara da Fanisau, garin nan da ke arewa da birnin Kano, a ƙaramar hukumar Ungogo. A zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, an mayar da garin ribaɗi saboda yaƙin da ake yi da Ɗan Tunku, kuma a can Baturen nan Clapperton ya je ya gaida Sarki a 1824. A kewayen ribaɗin aka kafa gandaye, na sarki da na masu sarauta da na attajirai, bayi ne ke noma su. Mohammed Bashir Salau, ɗan Najeriya da ke koyar da tarihi a wata jami'a a Amurka, ya rubuta littafi guda a kan Fanisau kaɗai a 2011, sannan a 2018 ya faɗaɗa binciken ya fitar da Plantation Slavery in the Sokoto Caliphate, wanda ya duba gandayen daular Sakkwato gaba ɗaya. Wani abin da ya kamata ya ja hankalinmu shi ne inda ya samo yawancin bayanansa na Fanisau: hirarrakin da Yusufu Yunusa ya naɗa a kaset a 1975 da dattawan yankin, da Hausa. Mutanen da suka ga abin da idonsu, ko suka ji daga bakin iyayensu, su ne suka yi magana.

Me ke cikin irin wannan bincike da zai amfani mai ƙaga labari? Ranar bawa sukutum. Akwai sarkin gandu da ke raba aiki yana sa ido. A wurare da dama ana shiga gandu da hantsi a tashi da azahar, daga nan bawa ya wuce gayaunarsa, 'yar gonar da aka yanka masa, wadda abin da ya noma a cikinta yake iya sayarwa. Akwai murgu: bawa ya yi yarjejeniya da ubangijinsa a ƙyale shi ya je ya yi sana'arsa, dako ko saƙa ko fatauci, yana kawo wani adadi na kuɗi a kai a kai. Kuɗin murgu daban, kuɗin fansa daban. Sai ya biya murgu tukuna, abin da ya ragu ne zai ƙulle a tsumma yana tarawa don ya fanshi kansa, kuma a lokacin da wuri ake ciniki. Ga kuma hukuncin cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa ne, in ba ubangijinta ne ya haife shi ba. To ku ɗauki mutum guda: ya yi shekara goma yana tara wuri, matarsa baiwar wani gida ce, 'ya'yansa uku mallakar wancan gidan ne, abin da ya tara kuwa na fansar mutum ɗaya ne tak. Wa zai fansa? Ban san wata tsaka mai wuya da muke ƙirƙira wa Yarima da ta kama ƙafar wannan ba.

Kuma ba 'yan tsiraru ake magana ba. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafinsu Slow Death for Slavery na 1993, sun ƙiyasta cewa a lokacin da Turawa suka iso akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a daular. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu ta nuna ƙiyasi ne, amma ko ƙaramin aka ɗauka, jama'a ce mai yawa ƙwarai.

Littafin nasu ya rushe wani abin da muka haddace tun a firamare, wai Lugga ya zo ya 'yanta bayi. Abin da Turawa suka yi shi ne hana hari da cinikin bayi, sannan suka yi doka cewa duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne. Waɗanda ke cikin bauta kuwa aka bar su a ciki, wanda ke son fita ya je gaban alƙali ya biya fansa ya karɓi takarda, domin Turawan na tsoron gandaye su watse, sarakunan da za su yi mulki ta hannunsu su juya musu baya. Duk da haka dubban bayi sun gudu a shekarun farko. Ba a soke bautar baki ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ku duba abin da wannan dokar ke nufi a cikin ɗaki guda: wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wan an haife shi a 1900 bawa ne, ƙanen an haife shi a 1902 ɗa ne. Akushi ɗaya suke ci. Ranar da za a yi maganar aurensu fa? Shekara talatin da biyar ana cikin wannan hali, ni dai ban ci karo da ƙagaggen labarin Hausa da ya zauna a cikin waɗannan shekarun ya dubi irin wannan gida ba.

Salau ya ƙara da wani abu da ya sa masana suka sake duba tarihin gyaɗa. An saba cewa ƙananan manoma da fatake ne suka tayar da kasuwar gyaɗar Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Shi kuwa ya nuna cewa gumin bayin gandaye irin na Fanisau na cikin gyaɗar da aka fara lodawa.

To ko fadar da muke ƙauna ɗin ma ba mu san ta ba. Sean Stilwell ya yi littafi a 2004 a kan bayin sarkin Kano, masu riƙe da sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Waɗannan bayi ne a shari'a, amma suna kula da gandayen sarki da makamansa, hakimi ɗan sarauta ma sai ya bi ta hannunsu kafin maganarsa ta isa. Sunayen wasunsu kaɗai labari ne, kamar Ɗan Rimi Barka da Ɗan Rimi Allah Bar Sarki. Mutum ne da ake tsoro a gari, yana da dawaki da barori, amma ba zai taɓa hawa gadon da yake tsaro ba, kuma wannan rashin ne ya sa sarki ya amince da shi fiye da 'yan uwansa na jini. Heidi Nast kuma, a littafinta na 2005 kan matan gidan sarautar Kano, ta kawo hujjar cewa a ƙarnonin baya ƙwaraƙwarai na da hannu dumu-dumu a harkar hatsin haraji da rinin shuni na fada. Sarakuna da dama ma 'ya'yan sa-ɗaka ne. Mu kuwa abin da muka iya ba ƙwarƙwara a labari shi ne makirci da zuwa wurin boka.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa: Turawa ne ke rubuta waɗannan abubuwa don su ɓata tarihinmu da na Mujaddadi. Ba na cewa a haɗiye duk abin da aka buga a Ingila ko Amurka. Masanan kansu ba bakinsu ɗaya ba, musamman a kan ko ya dace a kwatanta gandun ƙasar Hausa da gonakin bayi na Amurka, da kuma yadda jikokin bayi ke narkewa cikin jama'a a nan. A karanta da ido biyu. Amma zancen ɓatanci ba ya tsayawa da ƙafarsa. Malam Abdullahi na Gwandu da kansa, tun jihadi bai ƙare ba, ya koka da yadda wasu mabiya suka karkata ga tara ƙwaraƙwarai da dawaki da tufafin alfarma, har ransa ya ɓaci ya bar rundunar ya nufi gabas, ya tsaya a Kano. Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954, ta ba da labarin rinjin danginta da yadda mahara ke sace mutane a je a fanso su, ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma, a Shaihu Umar da ya fito a 1934, ya gina labarin ne a kan yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu bayi ta ƙetare hamada. Ɗaya daga cikin littattafan da aka kafa ƙagaggen labarin Hausa na boko da su ke nan. Shekara casa'in baya an iya kallon abin, sai mu ne muka fi kakanninmu kunya?

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ina tare da masu yin sa. Maganar asali ba ta mutu ba. Har gobe ana fasa aure a kanta, ana yi wa mutum gori da ita ranar faɗa. A Nijar abin ya fi fitowa fili: Benedetta Rossi ta yi bincike mai zurfi a yankin Adar, ta fitar da littafi a 2015 da ya bi sawun bauta da aikin ƙarfi tun daga 1800 har zuwa zamanin ƙungiyoyin agaji, kuma a 2008 ne kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukuncin cewa gwamnatin Nijar ta gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya. Saboda haka marubucin da zai shiga wannan fage dole ya san wuƙa ya ɗauka. Kada ka kama sunan wani gida ko wata zuri'a da ke raye. Kada ki ɗauko abin da wata tsohuwa ta gaya miki cikin amana ki zuba shi yadda 'yan unguwa za su gane. Ƙirƙiri ƙauyenka, ƙirƙiri mutanenka, abin da za ka aro daga masana shi ne yadda rayuwar ta gudana. Gatan da ƙagaggen labari ke da shi ke nan a kan littafin tarihi, yana iya faɗin gaskiyar abu ba tare da ya nuna kowa da yatsa ba. Shirun da muke yi kuwa bai kare kowa ba, masu gorin kawai ya bar wa filin.

Saura batun yadda za a kai ga littattafan, kuma a nan ina da ƙorafi a kan masanan. An zo an naɗi muryar tsofaffinmu da Hausa, an je an juya ta Turanci, an buga a farashin da malamin makaranta ba zai iya saya ba. Jikokin waɗanda aka yi hira da su ba su san abin da kakanninsu suka faɗa ba. Sassan tarihi da na harsunan Najeriya a jami'o'inmu ya kamata su ɗauki fassara wannan aiki a matsayin bashi. Kafin su biya, akwai hanyoyi. Ɗakunan karatu na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo cike suke da kundayen digiri da 'yan ƙasa suka rubuta kan garuruwansu, ƙura kawai suke sha. A Kaduna akwai Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, inda takardun zamanin Turawa suke, har da bayanan bayin da aka 'yanta. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Maƙalu da yawa na waɗannan masana suna intanet, wasu a kyauta. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba ya haɗa kai da wanda ya iya, mutum biyar su raba babi biyar, kowa ya zo ya bayyana nasa da Hausa.

Mai son farawa a daren nan kuma ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934, yana nan a intanet, ya nemi murgu da rinji da gayauna da bacucane da ƙwarƙwara, ya karanta bayanin da aka yi wa kowace. An tattara ƙamusun ne a lokacin da masu biyan murgu ke raye.