Magana a kan Karyewar Kamfani da Hukuncin Alƙali

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta ciniki, ya wajabta biyan bashi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ku sani, ya ku malamai da almajirai, babin taflisi da muke karantawa a Muhtasar na Halilu bai tsaya ga zamanin ayari da raƙuma ba. Ga wani al'amari da ya auku a Ingila, ina so mu auna shi da abin da ke hannunmu.

Akwai wani babban kamfanin gine-gine, sunansa Carillion, mazauninsa garin Wolverhampton, ma'aikatansa wajen 43,000, yana gina asibitoci da hanyoyi, yana ciyar da 'yan makaranta da kwangilar gwamnati. Ran 15 ga Janairu 2018 babbar kotun Ingila ta yi hukuncin a rushe shi, ta sa dukiyarsa a hannun wakilin hukuma, ya tattara, ya sayar, ya raba wa masu bin bashi. Da aka duba, bashin da ke kansa ya kusa fam miliyan dubu 7, kuɗin da ke hannunsa kuwa fam miliyan 29 kaɗai. Ƙananan 'yan kwangila da masu kawo kaya wajen 30,000 suna binsa, galibinsu ba su sami abin kirki ba. Asibitin da yake ginawa a Liverpool ya tsaya, ba a buɗe shi ba sai 2022.

Abin da nake cewa shi ne, wannan hukunci daidai ne, aibinsa guda, ya zo a makare. Malikawa sun ce idan bashi ya kewaye dukiyar mutum, masu binsa suna da ikon hana shi kyauta da sadaka tun kafin a je gaban alƙali, domin abin da ke hannunsa haƙƙin waɗansu ya rataya a kansa. Idan kuwa suka kai ƙara, alƙali ya yi masa hajru, wato ya ɗaure hannunsa daga dukiyar, bashin da ajalinsa bai yi ba ya zama na yanzu, a sayar da kayansa, kowa ya karɓa gwargwadon abin da yake bi. Haka Sayyidina Umar ya yi da Usaifi'u na ƙabilar Juhaina, mai sayen raƙuma da tsada don ya riga alhazai isa, kamar yadda labarin ya zo a Muwaɗɗa: ya yi shela, ya kira masu binsa su zo a raba musu abin da ya rage.

To, ku dubi abin da kamfanin nan ya yi kafin hukunci. A watan Yuni 2017 ya raba wa masu hannun jari wajen fam miliyan 55 da sunan riba. Wata guda bayan haka ya bayyana cewa ƙimar kwangilolinsa ta ragu da fam miliyan 845. Yana kuma jinkirta biyan masu kawo masa kaya har kwana 120, asusun fanshon ma'aikatansa kuwa da babban giɓi. Ko almajirin da ya karanta babin ƙirali ya san babu riba sai uwar kuɗi ta cika. Abin da aka raba a Yuni guminsu ne, maƙera da magina da direbobi. Da an ɗaure hannun kamfanin tun sa'an nan, da rabonsu ya fi haka.

Idan ka ce: ashe ba an umurce mu da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci ba? Sai in ce: na'am, wannan ga matalauci ne wanda ba shi da komai, ba a tsare shi, ba a matsa masa sai ya samu. Amma mai dukiya a hannu, yana ɗiba yana ba nasa, yana ƙara cin sabon bashi don ya toshe tsoho, jinkirta masa taimako ne a kan zalunci. Idan kuma ka ce: da gwamnati ta cece shi saboda ma'aikata, kamar yadda shugabanninsa suka roƙa ta ƙi. Sai in ce: baitulmali na jama'a ne, ba a zuba shi a tulun da ya huje. Tausayin ma'aikaci shi ne a biya shi haƙƙinsa, a mayar da aikin hannun wanda zai iya, kuma da yawansu haka aka yi musu.

Sai dai akwai wurin da dokar Ingila ta rabu da fiƙihunmu, nan ne zuciyata ba ta natsu ba. A wurinsu, tun dokar 1855, kamfani kamar mutum ne mai zaman kansa, masu shi ba sa asarar abin da ya wuce jarinsu. Idan aka rushe shi, sauran bashin ya bi shi kabari. A wurinmu kuwa bashi yana nan a wuyan mai shi, in ya samu daga baya ya biya. Gaskiya ne a 2023 an hana uku daga manyan kamfanin shugabancin kowane kamfani na shekaru, an kuma ci KPMG, masu binciken lissafinsa, tarar fam miliyan 21. Amma tara ba ta shiga aljihun maginin da ya yi aiki ba a biya shi ba. Shari'ar da ta bar mutum ya ci riba shi kaɗai, ya bar wa waɗansu asara, tana buƙatar gyara.

Nasihata ga mai ba kamfani kaya ko aiki bashi: kada girman suna ya ruɗe ka. Ka rubuta, ka kafa shaidu, ka nemi jingina, domin ranar rabo mai jingina ne a gaba, mai takarda kawai yana can baya. Ga masu hukunci kuwa: ku gaggauta hajru tun da sauran abin rabawa. Wanda kuma ya ɓuya bayan sunan kamfani ya ci haƙƙin mutane, ya sani akwai ranar da babu fam babu sule, da ayyuka ake biya.

Allah ya tsare mu daga nauyin bashi. Allah ne mafi sani. Wassalamu.